Wata dabba tana kwashe min kaji a bayan gida, don Allah ku ba ni shawara

Ummu_Sadiq_NC:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Don Allah shawara nake nema, raina a ɓace yake wallahi. Muna zaune ne a wajen garin Girinsboro a jihar Karolina ta Arewa. A farkon 2025 lokacin da murar tsuntsaye ta sa kuɗin ƙwai ya yi tashin gwauron zabi a nan Amurka har dozin ya haura dala 6, na sayo 'yan tsaki guda 8 na raine su a gareji da fitila har suka girma suka fara yi mana ƙwai, yarana duk sun sa musu suna. Toh cikin kwana 9 an ɗauke min guda 3. Ba jini ba gawa, gashinsu kawai nake tararwa a warwatse a gindin shinge. Baban Sadiq ya sa kyamara, jiya wajen shida saura na safe muka ga wata dabba kamar kare, ruwan toka, baki dogo, jela mai gashi buzu-buzu tana lilo ƙasa. Maƙwabcinmu ya ce kayoti ne. Shingen namu na waya ne tsayinsa ƙafa 4. Ya zan yi da biyar ɗin da suka rage? Tun jiya ban bar su sun fito ba kuma tausayi suke ba ni.

Dan_Daura77:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Hajiya. Wannan da kika siffanta ba dila ba ne kuwa?

Injiniya_Texas:
@Dan_Daura77 danginsu ɗaya amma ba shi ba ne. Kayoti ya fi dilan gida girma, babba yana kai kilo 15 zuwa 20, kuma a nahiyar Amurka ta Arewa da ta Tsakiya kawai ake samunsa. Wayon dai iri ɗaya ne, in a gida ana cewa dila malamin daji to wannan har cikin gari yake karatunsa, akwai su a tsakiyar Chikago da Los Anjalis, in ban da Hawayi babu jihar da babu su. Ummu Sadiq shinge mai ƙafa 4 ba komai ba ne a wurinsa, tsalle ɗaya zai yi. Ko mai ƙafa 6 yana kama samansa da ƙafafun gaba ya ja jikinsa ya haura. In ya kasa ta sama kuma sai ya haƙa ta ƙasa. Wannan watan na Mayu kuma shi ne mafi muni, don a Afrilu zuwa Mayu suke haihuwa, yanzu uwa da uba duk farauta suke yi wa 'ya'ya. Tunda ya ci uku ya riga ya san gidanki, zai dawo, kar ki yi shakka.

Maman_Khairat:
Innalillahi. Sannu 'yar uwa, wanda bai taɓa kiwo ba ba zai gane zafin nan ba. Ni muzuru ne ya gama da ni shekaran jiya da damina a Zariya, kaji 11 cikin dare biyu.

Maman_Khairat:
Afuwan, bara da damina nake nufi.

Baba_Mai_Kaji_Funtua:
'Yata, kafin ki kashe ko sisi fara zagaya shingen nan taku a tsanake, taku bayan taku, ki nemo inda yake shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekarata sama da 30 ina kiwo kuma abin da na koya shi ne kowace dabba da irin ɓarnarta, in kin iya karanta sawu kin gama rabin aiki. Dila da yanyawa ɗauka suke su tafi da kazar gaba ɗaya, gashi kawai za ki gani kamar yadda kika faɗa. Muzuru yakan ci a kusa ya bar miki fukafukai da ƙafafu. Shaho da rana tsaka yake zuwa, in kazar ta fi ƙarfin ɗauka nan zai fige ta ya ci ƙirjin. Gafiya 'yan tsaki take ja cikin rami da dare, da safe ki ƙirga ki ga babu biyu babu uku kuma ba alamar komai. Maciji kuwa ƙwai ne zai riƙa ɓacewa, ko ki tarar da kazar da ke kwanci ta mutu a kan ƙwanta. Ban san dabbobin ƙasarku ba amma na tabbata su ma haka ne.

Injiniya_Texas:
Baba haka yake sak. A nan akwai wani rakun, mai baƙin zane a ido, hannunsa kamar na yaro, yana zare sakata yana buɗe ƙofa, in bai samu shiga ba ya zura hannu ta ramin waya ya jawo kan kaza ya cinye ya bar gangar jikin a ciki. In ka ga kaza ba kai to shi ne ko babbar mujiya. Akwai kuma wata 'yar siririya mai kama da tunku amma ba ta kai shi ba, ramin da bai fi inci ɗaya ba ya ishe ta shiga, ita kuma kashe su take yi da yawa a dare ɗaya ta cizo a wuya.

Sani_Kwanar_Dawaki:
Ni shawarata a taƙaice, a samu nama a barbaɗa masa guba a ajiye a inda yake bi. Kwana ɗaya an huta.

Dr_Halima_Vet:
@Sani_Kwanar_Dawaki don Allah a'a. Malam Sani guba ba ta zaɓe. Karen maƙwabci zai ci, mage za ta ci, tsuntsun da ya ci mushen shi ma ya mutu, ga yara ƙanana a gidan. Ka duba yadda ungulu ta yi ƙaranci a garuruwanmu, da kowace mahauta cike take da su, guba na cikin abubuwan da suka jawo haka. A can Amurka kuma laifi ne da zai iya kai ta gaban kotu. Sannan ko an kashe wannan ɗin, wurin da ya bari wani ne zai zo ya gaje shi, tunda kajin na nan kuma ƙofar na nan a buɗe.

Sani_Kwanar_Dawaki:
Likita na ji batun yara, na janye gubar. Amma maganar wai kar a kashe ban yarda ba, dabbar da ta saba da gidanka ba ta dainawa. Mu a ƙauye tarko muke sawa kuma muna ganin sauƙi.

Ustaz_Abu_Maryam:
Ta fuskar shari'a babu laifi a kashe dabba mai cutarwa. Hadisi ingantacce ya ambaci guda biyar da ake kashewa ko a cikin harami, hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo, kuma malamai da dama sun shigar da namun daji masu kai hari a ƙarƙashin na ƙarshen. Sai dai ba a azabtarwa, ba a ƙonawa da wuta, kuma wanda ke zaune a ƙasar mutane ya kiyaye dokarsu. Wallahu a'alam.

Injiniya_Texas:
Ustaz Allah ya saka, wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci ga mu da ke nan. Shaho da mujiya da mikiya duk doka ta kare su, akwai dokar tarayya ta kare tsuntsaye da aka kafa tun 1918, ko ka kama shaho a kan kazarka ba ka da ikon harbinsa ko sa masa tarko, tara ce mai nauyi. Kayoti shi ba ya cikin wannan, jihohi da yawa sun yarda a farauce shi, amma harbi a cikin unguwa yawancin garuruwa sun hana. Don haka Ummu Sadiq ki bar batun kisa, ga abin da na yi bayan an cinye min shida a shekarata ta farko. Na cire ragar nan mai ido shida-shida da ake ce wa ta kaji, wallahi sunanta kawai, kaji take tsarewa kar su fita amma kare ma yana yaga ta da haƙori. Na sayo ragar ƙarfe mai kauri mai ƙananan ido, ki ce musu mai rabin inci a shagon kayan gini, na zagaye filin da suke yini da ita har sama na rufe. Sai abu na biyu wanda shi ne sirrin, na shimfiɗa ragar a ƙasa ta waje, kwance, faɗin ƙafa 2 daga gindin shingen duk zagaye, na ɗaure ta da jikin shingen na kafe da ƙusoshin ƙasa na zuba ƙasa a kai, ciyawa ta fito ta rufe. Shi in ya zo a gindin shinge yake fara haƙa, sai ya ci karo da ƙarfe, ba ya tunanin ya ja da baya ƙafa biyu ya fara daga can. Ya fi sauƙi a kan haƙa rami a binne, musamman ku da ƙasarku jan yumɓu ce mai tauri. Ki yi amfani da sukurori da 'yan faya-fayan ƙarfe masu huda a tsakiya (washa) wajen kafe ragar a katako, ba 'yan ƙananan maƙalai ba, rakun yana fizge su.

Ummu_Sadiq_NC:
Na gode ƙwarai, duk ina karantawa. Baba na bi maganarka na zagaya, ga rami nan a bayan inda muke tara itace, har da gashin kaza a bakinsa, ban taɓa lura ba. Kenan ta ƙasa yake shiga. @Injiniya_Texas wacce kake cewa ta kaji ita ce a jikin akurkina wallahi.

Malam_Issoufou_Maradi:
Hajiya ki ƙara da zabi. Mu nan Maraɗi duk mai kaji a garka yana haɗawa da zabi, su ne 'yan gadi, ko inuwar shaho suka gani sai sun tada gari da kuka kaji su ruga su ɓoye. Maciji ma taruwa suke su kewaye shi suna ihu har mutum ya fito.

Zainab_Ohio:
Malam Issoufou a gida gaskiya ne, nan ma turawan ƙauye suna kiwon zabi saboda haka da kuma cin kaska. Amma a unguwa maƙwabta ba za su ɗauka ba, wurare da yawa ko zakara ba a yarda ka ajiye ba saboda cara balle zabi. Kuma zabi ba sa son kwana a akurki, bishiya suke hawa, mujiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata ƙawata ta sayi shida ba su kai hunturu ba. Ni abin da ya cece ni ƙofar nan ce mai aiki da hasken rana, tana rufe kanta in duhu ya yi ta buɗe da safe, kuma ana iya saita mata lokaci. Nawa sai takwas take buɗewa. Ummu Sadiq ƙarfe nawa kike sakinsu?

Ummu_Sadiq_NC:
Ina idar da sallar asuba nake buɗe musu saboda bakwai nake fita aiki.

Zainab_Ohio:
Toh ai nan matsalar take yaya. Tsakanin asuba da fitowar rana da kuma goshin magariba su ne lokutan da ya fi yawo. Ki jinkirta sai rana ta ɗaga.

Dan_Daura77:
Ni tambayata jaki fa? Na ga bidiyo ana cewa a can suna sa jaki cikin tumaki.

Injiniya_Texas:
Gaskiya ne, a nan Teksas masu tumaki da awaki suna sa jaki ɗaya a garke, ya tsani duk wani abu mai kama da kare, zai bi shi da harbi da cizo. Wasu manyan fararen karnuka suke sawa waɗanda aka raina tare da dabbobin tun suna ƙanana. Amma wannan na mai gona ne mai eka da yawa, ba bayan gida mai kaji biyar ba.

Hajiya_Zango_Kumasi:
Ku bar ni in faɗi nawa ko da ba kayoti ba ne. Mu nan Kumasi shaho ne bala'in, kaza ta ƙyanƙyashe goma sha biyu ki samu uku sun tsira kin gode Allah. Kakata ita ce ta koya min kifa musu babban kwando da rana har su yi wata ɗaya da rabi, abinci da ruwa a ciki, uwar ma a ciki. Daga baya na ga wasu suna shafa wa 'yan tsakin shuɗin maganin nan na GV a baya, wai shaho ba ya gane su, na gwada kuma asarar ta ragu sosai.

Baba_Mai_Kaji_Funtua:
Hajiya rinin nan na yi shi da galura ja da kore. Yana aiki na ɗan lokaci, amma da gashin ya sake fitowa sai an maimaita, kuma shirwar da ta saba da gida ba ta daɗewa take ganewa. Kwandon kakarki ya fi. Ni abin da na fi yarda da shi shi ne mafaka, a bar musu inda za su shige da gudu, ƙarƙashin rumbu ko tarin ƙaya ko 'yar rumfa gajera a tsakar gida. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, tana ganinta kafin ke ki gani, amma in fili ne fetal ina za ta kai su?

Auwal_Gashua:
Duk kuna ta maganar dabbobi, mu a nan mai ƙafa biyu ne ya fi damunmu. Ana saura kwana uku sallah aka haura min katanga aka kwashe zakaru 7 da talotalo 2 da na yi wata biyar ina ciyarwa, da buhun dusar ma. Babu ragar da ke hana wannan.

Maman_Khairat:
Allah ya isar maka Malam Auwal. Mu sai da muka mayar da akurkin jikin tagar ɗakin kwana muka sa kwaɗo biyu.

Sani_Kwanar_Dawaki:
Shi ya sa kare yake da amfani, yana maganin mai ƙafa huɗu da mai ƙafa biyu. Ustaz ai ya halatta ko?

Ustaz_Abu_Maryam:
Nassi ya zo da izinin kare na kiwo da na gona da na farauta, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kai in akwai buƙata. A ajiye shi a waje, a ba shi haƙƙinsa na ci da sha.

Dr_Halima_Vet:
A kula dai, karen da ba a saba masa da kaji tun yana ɗan kwikwiyo ba shi kansa yana iya zama ɓarawon, na ga gidajen da aka yi ta zargin muzuru ashe karen gida ne. A yi masa allurar haukan kare kuma duk shekara. Bari in dawo kan Ummu Sadiq, akwai abin da ba wanda ya ambata, abinci. In kina barin tsaba da ragowar tuwo ko shinkafa a waje da dare, ɓeraye za su taru, su kuma su ne abincin kayoti na yau da kullum tare da zomaye, maciji ma su yake bi. Ki kwashe kwanon abinci da magariba, buhun ki sa a durom na ƙarfe mai murfi, kwandon shara a rufe, ƙwai kar ya kwana a akurki. Tarin itacen nan ma ki matsar da shi daga jikin shinge. Rufe saman da Injiniya ya ce yana da wani amfanin, yana raba kajinki da kashin tsuntsayen daji, ta nan murar tsuntsaye ke shigowa. Mu nan ba mu manta 2006 ba da ta fara ɓulla a wata gona a jihar Kaduna, kajin da aka hallaka ba su ƙirguwa.

Dan_Daura77:
Ni dai a ganina kaza in an kulle ta a keji ba kaza ba ce kuma, ƙwanta ma ba ya daɗi. Namu suna yawo a gari, ana ɗauka ɗaya biyu, sauran su hayayyafa. Zakaran da Allah ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Zainab_Ohio:
Malam kai kana da talatin ko arba'in kuma kajinka suna kwanci su ƙyanƙyashe. Ita biyar gare ta, ba zakara, in sun ƙare sai ta sake sayen 'yan tsaki ta jira wata biyar kafin ƙwai. Lissafin ba ɗaya ba ne.

Baba_Mai_Kaji_Funtua:
Kowa da gaskiyarsa a nan. Ni ma ba na son kulle, amma sakin da nake yi sai ina gida ko yara na tsakar gida, bayan la'asar zuwa kafin magariba, da kansu suke komawa.

Ummu_Sadiq_NC:
Salam, na dawo da bayani bayan kwana 6. Ranar Asabar ni da Baban Sadiq da yaran muka yini muna aiki, mun sa ragar mai rabin inci, mun shimfiɗa ta ƙasa kamar yadda Injiniya ya ce, saman ne ba mu gama ba ragar ta ƙare, mun rufe rabi da tamfol tukunna. Daren Litinin kyamara ta nuna kayotin ya zo, wannan karon su biyu ne, sun yi ta tona a gindin shingen wajen minti goma suka gaji suka tafi, da safe na ga inda suka kwashe ƙasar har ragar ta bayyana amma ba ta motsa ba. Alhamdulillah. Sai dai jiya da yamma Sadiq ya tausaya musu ya sake su cikin ciyawa ina kicin, ban fi minti biyar ba na ji ihu, na fito da gudu da muciya a hannu ina kururuwa, kayotin ya saki wadda ya kama ya tsallake shingen kamar ba komai. Da rana fa, ƙarfe biyar ba ta yi ba. Tana raye amma akwai rauni a bayanta wajen gindin jela, fata ta yage kamar tsawon yatsa, ba ta ci sosai. Yanzu Baban Sadiq ya ce ba za a sake sakinsu ba har abada, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Likita me zan sa mata?

Dr_Halima_Vet:
Sannu, Allah ya ƙara tsarewa. Ki ware ta a kwali a wuri mai ɗumi da duhu-duhu, don in sauran suka ga ja za su yi ta tsattsagar wurin. Ki sa safar hannu, ki aske gashin da ke kewaye, ki wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce, sau biyu a rana, sannan ki shafa aidin da aka sirka. Ki duba ƙarƙashin fukafukai da ciki da kyau, haƙori yana huda wurin da ido bai gani ba kuma shi ne ya fi kisa. Kar ƙuda ya sauka a kai. In kin ji wari ko wurin ya kumbura ko numfashinta ya canza ki kai ta asibitin dabbobi. Shi Sadiq bai taɓa dabbar ba dai ko?

Ummu_Sadiq_NC:
A'a bai taɓa ba, yana kan baranda. Ta sha ruwa yanzu da na sa mata ɗan sukari.

Injiniya_Texas:
Korar da kika yi daidai ne, duk ranar da kika gan shi ki yi masa ihu ki buga murfin tukunya ki jefe shi, kar ya saba da ganin mutum bai ji tsoro ba. Batun saki kuma akwai ragar lantarki mai aiki da sola da ake kafawa a ciyawa a matsar da ita duk sati, ko a sa bututun roba mai juyawa a saman shinge yadda in ya kama zai zame. Amma shingenku gajere ne, bututun ba zai yi ba sai an ƙara tsayi. Ki turo min faɗi da tsawon bayan gidan in lissafa miki ragar da za ta isa.

Malam_Issoufou_Maradi:
Ita ragar lantarkin ba ta kashe kajin in sun taɓa? In ba ta kashewa ina son in san kuɗinta, don yanyawa ta dame mu a garkar da ke bakin gulbi.